Sai An Sanyaya

Najla ce ta rubuta manhajar da ke karanta yaren, amma Abdulbaƙi, ɗan wan babanta, shi ya zaɓi kalmomin, kuma a nan rigimarsu take. Ofishinsu ɗaki biyu ne a bayan gidan Gwaggonsu a Nassarawa GRA. Abin da suka ƙirƙira ɗan ƙaramin yare ne na kwamfuta: mai kamfani ya rubuta matakan aikinsa da Hausa, layi bayan layi, manhajar ta riƙa tura wa ma'aikata saƙo a waya, kowa idan aiki ya zo kansa.

Tun farko Najla ta ce kada a saka kalmar "sai". Abdulbaƙi ya kafe.

"Wace irin Hausa ce babu sai? Gajeriya ce, kuma kowa ya san ta."

"Yaya, fuska biyu gare ta. 'Sai a tafi' daban, 'sai an tafi' daban."

"To ki koya wa manhajar ta bambanta. Ba aikinki ba ne?"

Ta koya mata ɗin, tana yi tana tsaki.

Ranar wata Laraba da hantsi, wayar Najla ta yi ƙara. Hajiya Safina ce, mai kamfanin yogot a Tudun Murtala, wadda ta fara amincewa da su lokacin da kowa ke musu kallon yara. Ko gaisuwa ba ta bari an gama ba.

"'Yata, me na yi muku? Direbobina sun kwashi yogot da ɗuminsa sun raba wa shagunan unguwar Gama. Ga shi an dawo mini da shi, robobin duk sun kumbura. Sai da suka fita sannan saƙo ya zo wa Ɗanladi na ɗakin sanyi, wai ya sanyaya kaya. Ya sanyaya me? Iska?"

Najla ta ba ta haƙuri har bakinta ya bushe, sannan ta buɗe matakan kamfanin. Ba ta daɗe tana nema ba. Jiya manajan Hajiya ya gyara wani layi daga wayarsa, ya rubuta: ɗauki kaya sai a sanyaya. Abin da yake nufi shi ne sai an sanyaya. Harafi ɗaya ya faɗi, manhajar kuwa ta bi umarni yadda aka ba ta.

Ta juya wa Abdulbaƙi kwamfutar. Ya karanta, ya gyara zaman tabarau, ya sake karantawa.

"To ai laifin mai rubutu ne," in ji shi. "Yaren lafiyarsa ƙalau."

Najla ta ɗaga murya. "Lafiyarsa ƙalau? Mutum yana tsaye a bakin ɗakin sanyi, hannunsa a jiƙe, yana danna waya da babban yatsa, ka ce kada ya taɓa kuskuren harafi? Da ya rubuta shirme manhajar za ta ƙi karɓa. Amma wannan Hausa ce daidai, Yaya, duka biyun daidai ne! Shi ya sa babu abin da ya tsayar da shi."

"Sai mu sa ta riƙa tambaya, ka tabbata?"

"Kowa zai danna e bai karanta ba. Kai ma haka kake yi."

Daga cikin gida Gwaggo ta leƙo ta taga, ta tambaya ko faɗa ake yi. Suka ce a'a tare.

Najla ba ta jira izininsa ba. Ta cire "sai" gaba ɗaya, ta sa kalmomi biyu da ba su kama da juna ko a ido ko a kunne: "bayan" ga abin da dole a jira, "sannan" ga abin da ke biye. Bayan an sanyaya, ɗauki kaya. Duk wanda ya rubuta tsohuwar kalmar, manhajar za ta tsaya ta ce ya zaɓi ɗaya. Hakan na nufin sai ta bi matakan duk kamfanonin da ke hannunsu ta gyara, aikin da zai cinye mata ƙarshen mako, ga bikin ƙawarta Nabiha ranar Asabar.

Bayan azahar suka shiga mota za su je su ba Hajiya haƙuri ido da ido. Abdulbaƙi na tuƙi, har suka fita daga unguwa Najla na zaton ya saduda.

"Na yarda da ke," ya ce a hankali. "Amma 'bayan' ɗin nan ta yi mini nauyi a baki. Me za ki ce da 'tukuna'?"

Najla ta jingina kanta da gilashi ta rufe ido.

"Yaya, don Allah ka kalli hanya."