Hannun Hagu Kawai

Ni da Yaya ba mu taɓa shiri ba. Tun muna yara shi ne mai jita, ni kuwa ko jakarta na taɓa sai na sha ranƙwashi. Ya girma yana kiɗa a wuraren biki, ni na buɗe shagon aski. Shekara talatin muna gaisuwa ta fatar baki.

Da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, matarsa ta same ni a shago, idonta ja.

"Ya daina cin abinci," in ji ta. "Jiya na ƙwace taɓarya a hannunsa zai fasa jitar. Ya ce in ba haka ba, a kira ka ya koya maka."

Ni? Mai shekara hamsin da biyu? Na je ne don ita, ba don shi ba.

Na tarar da shi a kujerar roba, hannun hagu a cinya kamar tsumma, bakin nan kuwa ciwo bai taɓa shi ba.

"Dogo, yanke wannan farcen. Na hagu kawai. Zauna."

Ya sa na riƙe wuyan jitar na danne wayoyi uku da yatsu uku. Waya ta shiga nama. Da na kai hannun dama zan kaɗa, sai ya make ni da silifas.

"Wa ya ce ka kaɗa? Danna kawai!"

"To ta yaya zan san na yi daidai?"

"Ni na sani. Ba ka yi ba."

Haka muka yi mako shida, kullum da yamma in na rufe shago. Danna, saki, sauya. Ko sau ɗaya bai bari na ji sautin abin da nake dannawa ba. Yatsuna suka yi ƙuraje, suka fashe, suka yi kanta. Mataji ma da ƙyar nake riƙewa, har na kusa yanke wa wani direba kunne. Yaya kuwa ya koma cin tuwonsa da zagina tare. Ya ce yatsuna na jaki ne. Na ce ai gara na jaki, suna motsi. Ya yi kwana biyu bai kalle ni ba, kuma ban yi nadama ba. Na tsane shi a lokacin, tsana ta gaske, don na tabbata mugunta ce kawai: ya ba ni jitar ya hana ni daɗinta.

Ranar da haƙurina ya ƙare na dire ta a tabarma.

"Ko ka koya min kaɗawa yau, ko ka fasa abarka. Na gaji."

Ya daɗe yana hararata. Sannan ya ce, "Jawo bencin can ta haguna. Matso. Matso mana, cizon ka zan yi?"

Ya ɗora cikin jitar a cinyarsa, wuyanta ya faɗo hannuna. Kafaɗarsa da ta mutu ta jingina da tawa, da nauyi.

"Na farko," in ji shi.

Na danna. Ya sauke hannun damansa a kan wayoyin, sauti ya cika ɗakin. Matarsa ta leƙo da ludayi a hannu.

"Na biyu. Sauya, kai dabba, sauya!"

Muka kai waƙar ƙarshe. Hawaye na bin kumatunsa, bai goge ba, don hannun da zai goge da shi yana aiki.

"Ashe ba koya min kake ba," na ce.

"Wa zai ɓata lokaci a kanka? Hannu nake nema."

Wata takwas na yi a kan bencin nan muna kiɗa muna faɗa, kafin ya rasu. Yanzu jitar tana rataye a shagona, gefen madubi. Masu zuwa aski kan ce in kaɗa musu, in ce ban iya ba, su ɗauka rowa ce. Waƙa goma sha ɗaya na haddace a yatsun hagu, kuma ban san yadda ake kaɗa ko ɗaya ba.