Rarar kuɗin wutar Inna

Duk ranar da Auta ta shiga gidan mahaifiyarta, kafin ma ta ajiye jaka take kunna fanka. Da ta juya baya kuma Inna ta miƙe ta kashe. Tsohuwa mai hawan jini, likita ya ja mata kunne a kan zafi, amma sai ka tarar da ita zaune a tsakar ɗaki gumi ya jiƙa mata wuyan riga sharkaf, ga fanka a sama lafiyarta lau. Firji kuwa tuni ta zare shi daga soket ta mai da shi wurin ajiye kwanuka.

Hujjarta ɗaya ce, Yaya. Shi ne ɗanta na fari, direban babbar mota a wani gari mai nisa, shi kuma ya ɗauke mata kuɗin wuta. Inna ta ce ba za ta zauna tana shan iska yaro yana can yana kwana a titi ba. Yaron nan fa har furfura ta fito masa, tumbinsa ma da ƙyar yake shiga bayan sitiyari.

Ran da jiri ya kwashi Inna a ƙofar banɗaki, sai da maƙwabciya ta tashe ta, haƙurin Auta ya ƙare. Ta rufe shagon ɗinkinta da kayan mutane jibge a kan keke, ta nufi ofishin kamfanin wuta. So take a faɗa mata nawa fanka ɗaya ke ci a wata, ta kai wa tsohuwa ta ji da kunnenta. Ta bi layi har ƙafafunta suka yi tsami.

Ma'aikaciyar da ke bayan kanta ta duba kwamfuta, ta ɗago ta tambaya ko akwai mai zama a gidan ma. Sannan ta yi mata bayani dalla-dalla. Ashe Yaya umarni ya ba banki, kowane wata ana cire masa adadi ɗaya, a sha wuta ko kar a sha. Abin da gidan ke ci bai kai rabin haka ba, saura yana ta taruwa a asusun a matsayin rara.

"Ba mu ke bin ku ba, ku ke bin mu," in ji ta.

Ta ƙara da cewa akwai rangwame na tsofaffi, katin shaida kawai za a kawo. Rarar kuma ko a bar ta ta riƙa biyan watannin gaba, ko a mayar wa wanda ya biya.

Auta ta fito ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Duk wannan gumin da Inna ta sha, ko sisi bai ragu daga aljihun Yaya ba. Kamfani kawai aka yi wa ajiya.

Ta isa gida ta zauna gaban Inna ta warware mata komai. Ta ce ko fanka ta kwana tana juyi, firji ya dawo aiki, a haɗa da dutsen guga, kuɗin da ke can zai ɗauke su har ya yi saura. Inna tana ta gyaɗa kai, Auta har ta fara jin sanyi a ranta. Daɗin zance ya ja ta ta ambaci zancen mayar da kuɗi, nan take kuma ta so ta haɗiye maganar.

Inna ta gyara zama. Ta tambaya ko hannun Yaya kuɗin zai koma. Auta ta ce eh. Ta tambaya, in an samu rangwamen tsofaffin, rarar ƙaruwa za ta yi? Auta ta ce eh, murya ƙasa-ƙasa. Sai ga Inna ta jawo katinta daga ƙarƙashin matashi, ta ce gobe da sassafe a kai musu.

Auta ta fashe. Ta ce ita ke rufe shago, ita ke jigilar asibiti, ita za a kira in an sake faɗuwa, shi kuwa Yaya bai ma san da wata rara ba, kuma bai roƙi kowa ba. Ta yi ta faɗa har muryarta ta shaƙe. Inna ta bar ta ta gama.

"Ke kina kusa, ko ruwa na miƙa miki na ba ki wani abu," ta ce. "Shi fa? Tun da ƙafafun nan suka ƙi, kullum ni ke karɓa a hannunsa. Ki bar ni in aika masa da wannan."

Auta ta karɓi katin. Haushi na cin ta, tausayi na cin ta, ta rasa wanda za ta fara ji da shi.

Inna ta waiwaya ta dubi 'yar rediyonta da ke jone a bango, wadda ita kaɗai ke ɗebe mata kewa in kowa ya watse. Ta tambaya ko ita ma tana cin wuta da yawa.

"Ba ta ci, Inna. Mita ba ta ma ganinta."

Inna ta ce to madalla. Ta miƙa hannu ta rage mata murya duk da haka.