Jar Fitilar Baya

Shekara ashirin da uku ina jan motar burodi, ban taɓa taka ko kaza ba, amma a wurin aiki Hawainiya suke kirana. Manajanmu, wanda na girme wa ubansa, ya tare ni ranar Litinin.

"Baba, masu shaguna sun gaji da jiranka. Ka sake wuce ƙarfe bakwai, ka ajiye mini makulli."

Na ce to. Me zan ce? Tun da mai ɗakina ta rasu, motar nan ce kaɗai ke jin muryata da safe.

Ranar Alhamis aka kwana ana ruwa. Gari na wayewa hazo ya taso daga kogi ya rufe hanya, har ba na ganin abin da ya wuce tsawon mota uku. Na bar fitila a gajere, na kunna ta hazo gaba da baya, na ɗaga ƙafa daga totur. Duk da haka na san hanyar nan kamar yunwar cikina. Da na ɗan taka, da na isa a kan lokaci.

Sai ga wata ƙaramar mota ta manne mini a baya, ta ƙure doguwar fitila. Raina ya ɓaci. Doguwar fitila a cikin hazo makanta ce, hasken dawo maka yake yi a ido, amma je ka gaya wa direbobin yanzu. Na juya madubi ina mita. Can na lura ba wuce ni take son yi ba. In na karkata ta karkata, in na taɓa burki ta taɓa. Ko wane ne a ciki, ba ya ganin kwalta, jar fitilata kawai yake bi. Ga kwanar gada a gabanmu, wadda ƙarfen gefenta ya karye tun bara.

Na duba agogo, bakwai saura kwata. Na koma giya biyu.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Rabon da wani ya dogara da ni har na manta. Na riƙa yi masa magana ni kaɗai: "Sannu a hankali, ɗan'uwa. Bi ni. Ga rami nan, kauce." Muka haye gadar kamar masu rakiyar mara lafiya.

Bayan tudu hazon ya yaye. Doka ta ce a kashe jar fitilar hazo ta baya da zarar hanya ta buɗe, don tana kashe idon na bayanka. Na ɗan jinkirta, sannan na danna. Motar ta fito ta wuce fuu, gilashinta a rufe. Ko hon ba a yi mini ba.

Bakwai da minti ashirin na gama shagon farko. Da na koma, manaja yana tsaye a bakin sito.

"Wani na rako, yallaɓai."

"Wa?"

"Ban san shi ba."

Ya miƙo hannu, na zare makullin motar daga zoben makullin gidana na ba shi. Na ɗauki butata da hulata. Kafin in kai ƙofa, sabon direba ya riga ya shiga motar, yana jan kujerar gaba don ta yi masa daidai.