Ranar da Aka Fizge Jakar Baba Mai Agogo

Da rana tsaka aka fizge wa Baba Mai Agogo jakarsa, yana bakin titi yana jiran motar haya. Wani ƙato ne a kan babur ya wafce ta ya ƙara mai. Baba ya faɗi zaune, gwiwar hannunsa ta kurje. A cikin jakar akwai makullan gida da na shago, da hantsakinsa da sauran ƙananan kayan gyara, sannan ga babbar asara, tabarau ɗinsa, wanda ya cire a lokacin don ya share zufa.

In babu tabarau, Baba ba ya bambance mutum da falwaya. Kowa a gidan ya san haka, shi kaɗai ne bai yarda ba.

Autarsa ce ta kawo maganar wani ofishi da ke tsaya wa mutanen da aka cuta, har da tallafin gaggawa. Baba ya ce shi da sana'arsa ba zai je bara ba. Auta ta ce ba bara ba ce, don irinsa aka buɗe wurin. Ya ƙi. Abin da ya karya shi Mama ce, matarsa. Tun da ta ji makullai na hannun ɓarawo ta kafa doka: duk wanda ya shiga ko ya fita, sai an tura firji an tokare ƙofa. Baba ne mai turawa. Da bayansa ya fara ƙara sai ya ce wa Auta, to, su je ya ga wurin kawai.

Ofishin ɗan ƙarami ne, kujerun roba a jere da fanka mai kuka. Baba ya shiga ya tsaya gaban injin ruwan sha, ya gaishe shi da ladabi, har ya tambayi iyali. Ma'aikaciyar, wata gajeruwar mace mai sanyin murya, ta amsa daga teburinta kamar ba ta ga komai ba, ta taso ta ja masa kujera.

Ba ta fara da jakar ba. Ta tambayi hannunsa, ko likita ya duba, ko yana samun barci. Baba ya zo da shirin a wulaƙanta shi, sai ya rasa inda zai sa shirin. Kafin la'asar ta tura mai gyara ya canza makullan gida da na shago, ofis ya biya. Ta haɗa shi da asibitin ido, ta kuma sa aka sayo masa kayan aikin da zai fara da su.

Sabon tabarau bai iso ba 'yan sanda suka kira, sun kama wani, Baba ya zo ya nuna. Ma'aikaciyar ta ba da shawarar a jira gilashin. Baba ya ce idonsa garau, fuskar nan ko a cikin taro zai tsinto ta. Ganin ba zai lanƙwasu ba sai ta raka shi.

Aka jera mutane a jikin bango. Baba ya bi su a hankali, hannu a baya, ya wuce na ƙarshe, ya tsaya gaban Sajan da ke riƙe da ƙofa.

"Wannan ne. Ko ƙamshin turarensa ban manta ba."

Wani kurtu ya danne dariya har tari ya sarƙe shi. Ma'aikaciyar ta shiga tsakani, ta yi bayanin tabarau, ta roƙi a sa wata rana. Sajan ya amince, amma ya ce a gaya wa dattijo shi ko babur bai iya ba.

Da sabon gilashi kuwa ba a sha wahala ba. Ga mutumin nan da filasta a goshi. Ashe tabarau ɗin Baba ya ƙwama don ya yi kama da mutumin kirki, ya hau babur, titi ya rabe masa biyu, ya zaɓi wanda babu, ya zarce cikin kwata. Masu ciro shi ne suka ga jakar.

Kafin ranar kotu ma'aikaciyar ta zaunar da Baba, ta faɗa masa inda zai zauna, da wanda zai yi masa tambaya, ta ce tana gefensa. Shi kuwa ya duƙufa haɗa jawabi. Ya fara daga ranar da ya koyi sana'a, ya gangaro har faɗuwarsa a titi. Ya yi ta gwadawa a kan Mama, har ta kai da ta ji ya yi gyaran murya sai ta tuna ta bar wanki a waje.

A kotu ana karanta tuhuma mutumin ya amsa laifinsa. Alƙali ya yanke hukunci, ya ce a mayar wa mai jaka jakarsa, aka kira shari'a ta gaba. Ko sunan Baba ba a kira ba.

Ya fito baranda ya tsaya rungume da jaka, an yi nasara amma fuskarsa kamar shi aka ɗaure. Ma'aikaciyar ta dube shi, ta buga wa abokiyar aikinta waya ta ce za ta ɗan makara, sannan ta zauna a benci.

"Baba, ni fa ban ji jawabin nan ba."

"'Yata, yana da tsawo."

"Ai na zauna."

Baba ya gyara tsayuwa, ya kira ta mai girma mai shari'a, ya fara. Mai shara ya jingine tsintsiyarsa, wasu masu jiran shari'a suka matso. Bai tsallake ko kalma ɗaya ba, har wurin da ya tsara muryarsa za ta yi rawa, kuma ta yi rawar da gaske. Da ya gama, wata tsohuwa a cikin masu sauraro ta ce Allah ya isar masa, ta tambaya ko yana duba agogon bango. Ya ce ta kawo shago gobe da safe.