Kaya a Kafaɗa

Ranar Talata da hantsi yayana Almustapha ya shigo gidanmu na Anka da waya a hannu, fuskarsa ta sauya. Makau, wanda duk garin ke bi a TikTok don jin labarin 'yan bindiga, shi ne ya sa bidiyo. Gidaje na ci da wuta, mutane na gudu, shi kuma yana faɗa da rawar murya cewa Gwashi ce, yau da safe.

A Gwashi yayarmu Sahura take aure, ga tsohon ciki. Sau tara muka kira ta, bai shiga ba. Can ko lafiya lau sai an hau tudu ake samun sabis, amma ranar ba wanda ya tuna.

Almustapha ya fara zuba wa babur mai, zai tafi Gwashi. Kowa ya san hanyar nan, ba duk wanda ya bi ta ke dawowa ba.

Inna ba ta riƙe waya sai don amsa kira. Ta ce a nuna mata, ko za ta hango ɗiyarta cikin masu gudu. Na riƙe mata. Ta kalla, ta ce in maido baya. Har sau uku.

"Wanga ba Gwashi ba ta," in ji ta.

Almustapha ya ce mutum dubu arba'in sun kalla, duk ba su gane ba sai ita?

"Su wuta sunka duba, ni mata. Dubi inda sunka aza kaya. Ka taɓa ganin macen ƙasarmu da ƙwarya ga kahwaɗa? Mu bisa kai muka azawa."

Na sake dubawa. Duk matan a kafaɗa suka ɗauko kayansu.

Inna ta zare makullin babur, ta ƙulle a bakin zane.

Bayan la'asar Sahura ta kira daga kan tudu, tana tambayar ko an samo mata kanwa.

Da Almustapha ya samu Makau a shagon cajin waya, sai Makau ya ce turo masa aka yi, kuma tun da aka kashe babansa a gona ba ya iya ganin wuta ya yi shiru. Ya goge bidiyon a gabansa.

Na kai wa Inna labari da murna. Ba ta yi dariya ba. Ta ce matan can ma ɗiyan wasu ne, ta tambaye ni ko wayar ta san sunan garinsu.