Shafukan Ƙarshe na Mushe Aƙilu

"Ba ni bada makullin ga, Baba."

Cima ta faɗi haka tana tsaye a bakin ɗakin Mushe Aƙilu, hannunta a kan igiyar da ke wuyanta. Malam Ɗayyabu, yayan mara lafiyar, wanda ya iso Buza daga Allakaye da hantsi, ya dube ta daga ɗankwali har takalmi.

"Mi kinka ce?"

"Na ce ba ni badawa. Shi ya ba ni da hannunai."

"Mutum na kwance bakin tahiya, ɗaki cike da hotunan mutane. Wane mala'ika ka shigowa nan? A buɗe sanduƙin ga, a kai su bayan gida a sa musu wuta."

Mushe Aƙilu tsohon malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, malama kuma Madamu; katanga ɗaya ta raba gidansa da nasu Cima. Matarsa ta rasu tun shekarar fari, bai bar ɗa ba. Abin da ya tara a duniya shi ne sanduƙin ƙarfe shuɗi cike da littattafan labari, rabinsu masu zane, irin waɗanda maganar mutane ke fitowa cikin ƴan da'irori a saman kawunansu. Samari da ƴan matan kolej nan suke zuwa aro.

Yana da tasa hanyar. Ba ya ba ka abin da ka roƙa. Sai ya tambaye ka me ya ɓata maka rai a makon, sannan ya zaro littafi ya ce, "Wanga ne naka." Kuma kowane littafi ya riga ya yanke shafukansa na ƙarshe da reza, ya sa su a ambulan, ya cusa ƙarƙashin katifarsa. Sai ka dawo ka faɗa masa yadda kake ganin labarin zai ƙare kafin ya miƙa maka ambulan ɗin. Shekarar da mahaifin Cima ya rasu, tana da goma sha uku, ya ba ta labarin wata yarinya da ta tuƙa jirgin ruwa ita kaɗai, ita Cima da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba. Yanzu ga ta malama a Ƙarofane, ta dawo hutu ta tarar da tari ya cinye shi.

"To, ɗiyar lakkwal," in ji Malam Ɗayyabu. "Zaɓi guda. Ko makulli, ko ƙahwarki ba ta ƙara taka gidan ga."

Cima ta leƙa ciki. Mushe yana barci, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na ɗagawa da ƙyar. Ta shiga ɗakin. Ta kama marikin sanduƙin ta ja shi a ƙasa, ta tsakar gida, ta zaure, har ƙofar gidansu. Ya bar layi biyu a cikin rairayi, matan da suka zo dubiya suna ɗage ƙafafu.

Uwarta, Inna Sa'a, ta ajiye taɓarya.

"Ke, kin san da wa kike yi? Dattijo ne, kuma ɗan'uwanai na."

"Shekara goma bai leƙo shi ba, Inna. Mu muke kai mishi hura."

"Ba shi biyu ko ukku shi ƙona, zuciyarshi ta kwanta. Ki ce kin yi kuskure, ki koma ki zauna wurin Mushenki."

"Wanne zan ba shi? Ki zaɓa mini."

Inna ta dubi sanduƙin, ta ɗauki taɓaryarta.

Kwana uku Cima ta yi tana zama a gindin katanga, inda tagar ɗakin Mushe ke kusa. Tana jin tarinsa, tana jin ƙarar kwano idan an ba shi ruwa. Rana ta biyu da la'asar ta ji muryarsa, siririya kamar ta yaro.

"Cima ba ta zo ba?"

"Tana gidansu," in ji Malam Ɗayyabu. "In ta so zuwa ta san abin da za ta kawo."

Ta miƙe har ta kai zaure, makullin a tafin hannunta, ya jiƙe da zufa. Ta tsaya. Ta tuna Biba, ɗiyar mai ɗinki, wadda ke tsakiyar wani littafi mai zane, da sauran ƴan aji huɗu da ke jiran nasu. Ta mayar da igiyar wuyanta ta koma gindin katanga. Ta ɗaga murya ta ce, "Ina nan, Mushe. Suna wurina." Ba ta san ko ya ji ba. Tari kawai ya amsa.

Ranar Laraba bayan azahar kukan mata ya tashi. Kafin la'asar an ɗauke shi. Cima ta tsaya a bayan ƙyauren gidansu tana kallon makara na wucewa, ƙafafun maza suna shafe layin da sanduƙin ya bari.

Da suka dawo daga maƙabarta sai ta ji ƙaurin takarda. Ta leƙa ta saman katanga. An fito da katifar an shanya, Malam Ɗayyabu yana tsugune yana tura ambulan cikin wuta da ƙaramin kara, ɗaya bayan ɗaya. Ba da fushi yake yi ba. Idanunsa jajur, leɓensa na motsi da addu'a.

Ranar da ta ja sanduƙi, ba ta tuna da ƙarƙashin katifa ba. Daga baya ta tuna, amma roƙon Malam Ɗayyabu zai zama shiga da sunkuyar da kai, sai ta ce a ranta za ta ɗauko idan ya koma Allakaye.

Bayan sadakar uku Biba ta shigo, littafi a cikin mayafinta. Ta gaida Inna, ta durƙusa kusa da Cima.

"Madamu, na gama. Na san yadda za shi ƙare, na so in gaya mishi." Ta fito da littafin daga mayafi. "Ambulan ɗin na wurinki?"

"Babu ambulan, Biba."

"Ko guda?"

"Ko guda. Na tsira da littattafai tamanin da huɗu, babu mai ƙarshe. Kuma ya kira ni ban je ba."

Biba ta sunkuyar da kai. Cima ta karɓi littafin ta buɗe bayansa, ta shafa yatsa a kan bakin takardar da reza ta bi, a miƙe kamar da abin awo aka ja shi. Wannan ba ta taɓa karanta shi ba. Ta jawo tabarma ta matsa mata wuri.

"Zauna. Gaya mini naki."

Biba ta gyara zama ta fara, murya ƙasa-ƙasa. Ta can bayan katanga ana ta share ɗakin.