Wayar da Ta Raba Ni da Kabarin Ɗana

Ina kan keken ɗinki, ina haɗa hannun riga, maƙwabciyata ta faɗo ɗaki ko sallama babu.

"Yaya, ajiye almakashin nan! Sun sa hannu, yaƙi ya ƙare!"

Ba zan yi ƙarya ba, na yi murna. Har rawa na taka da zare a baki.

Abin da rediyo bai faɗa mata ba shi ne inda manyan suka ja layin iyaka. Gidanmu ya faɗo wannan ƙasa, maƙabartar da ke gangaren bayan gida ta faɗa waccan. Can ɗana yake kwance, shi kaɗai na haifa. Harsashi ya same shi yana layin sayen burodi. Da hannuna na dasa masa lemo a gefen kabari.

Aka zo aka kafa waya mai ƙaya. An ce takardar sulhun ta ba masu rai zaɓin inda za su zauna. Matattu kuwa babu wanda ya tuna da su.

Ƙanin mijina ya ce in kulle gidan in koma wurinsu cikin gari. "Me ya rage miki a nan, matar yaya?"

Na ce, "Taga ta rage min. Ta tagar ɗakin girki nake hango kabarinsa."

Da rani ya kama, ganyen lemon ya fara naɗewa. Na ɗauki bokiti na nufi wayar. Sajen da ke gadi, wani mai tumbi, ya sha gabana.

"Mama, koma. Ko kaza ba ta ƙetarawa. Haka yarjejeniya ta ce."

"Ta hana ruwa gangara?"

Ya sosa ƙeya. "Ban ji an ce ba."

"To matsa, kada in jiƙa maka takalmi."

Na sheƙa ruwan a ƙasarmu, ya bi ta ƙarƙashin waya ya shiga tasu. Bai yi nisa ba ƙasa ta shanye shi. Washegari na ƙara. Sajen ya yi barazanar kai ni gaba, na ce ya tafi da bokitin ma, ya ba da shaida.

An canja masu gadi ban san adadi ba. Ruwan ya haƙa wa kansa 'yar hanya har gindin bishiyar. Bana ta yi 'ya'ya, yaran can ke tsinka, su sha lafiya.

Yanzu gwiwa ta hana ni cika bokiti. Rabi nake ɗauka kowace safiya, in je sau biyu.